Hakin mai ciki ba duka ne nauyin ciki ba: yadda na rasa ƙanwata a azumin 2020

Assalamu alaikum 'yan uwa. Labarin nan nawa ne da na ƙanwata, ba zan kama sunan kowa ba, ba na mutum ba ba na asibiti ba, domin ba tonon silili ya kawo ni ba. So nake mata masu ciki da mazajensu da iyayen miji su karanta, musamman mu nan Kano da in mace ta rasu da ciki sai a ce ai haihuwa ce, Allah ya jiƙanta, shikenan an rufe maganar babu mai sake tambayar me ya faru.

A cikin gari aka haife mu, wajen Ƙofar Mazugal. Mahaifiyarmu ta rasu ƙanwar tawa ko yaye ba a daɗe da yi mata ba, ni kuma lokacin na fara zama budurwa, toh tun daga nan ta zama 'yata. Ni nake goya ta, ni nake mata kitso, ni nake raka ta islamiyya in tsaya bakin ƙofa har sai ta daina kuka. Auta nake ce mata, ita kuma Yaya, duk da mutane da yawa a unguwa sun ɗauka ni na haife ta. Da aka min aure na koma Kurna da ita na tare, maigidana Allah ya saka masa da alheri bai taɓa nuna mata bambanci da 'ya'yansa ba. A ɗakina ta gama sakandare, a kan kekena ta koyi ɗinki, kuma daga ɗakina aka ɗauke ta amarya a 2019 zuwa Gwammaja, gidan iyayen mijinta, babban gida ne mai sassa da yawa. Mijin yaron shago ne a Kantin Kwari, mutumin kirki, har gobe ban da abin da zan ce a kansa sai alheri.

Ta samu ciki ba da daɗewa ba, lissafin asibiti ya nuna haihuwa sai bayan ƙaramar sallah. Lafiyarta ƙalau, ba hawan jini ba ciwon suga ba asma, ga ta yarinya ɗanya shakaf, awo kuwa ba ta taɓa fashi ba don ni da kaina nake buga mata waya ranar awo.

Sai ga korona. Da aka ce an samu mutum na farko a Legas ƙarshen watan Fabrairu 2020 wallahi mu hira muka ɗauke ta, ciwon Turawa, ciwon masu hawa jirgi, wasu suce ai zafin Kano ma kaɗai ya ishe ta. Ranar 11 ga Afrilu aka sanar da mutum na farko a Kano, bayan 'yan kwanaki gwamnatin jiha ta saka dokar kulle, aka rufe kasuwanni da masallatan Juma'a, ga azumi ya kama ranar 24 ga wata cikin wani irin zafi da ko numfashin mai lafiya da ƙyar yake fita. Ranar 27 shugaban ƙasa Buhari ya ƙara mana kullen sati biyu. Duk wanda yake Kano a lokacin ba sai na ba shi labarin mace-macen nan ba, kullum ka buɗe waya sai sanarwar rasuwa, malamai, farfesoshi, 'yan kasuwa, dattawan unguwa, masu haƙa kabari suna ta faɗa a rediyo cewa ba su taɓa ganin irin haka ba. Da farko aka ce maleriya ce da sanƙarau da hawan jini da ciwon suga. A titi kuma yara na ta waƙar babu korona.

Cikin waɗanda suka tafi a wannan guguwar har da surukin Auta, dattijo ne, ya yi zazzaɓi da tari na ɗan lokaci ya cika. Duk da kulle gidan ya cika da 'yan gaisuwa, kun dai san mu da zumunci, ta lungu ta lungu mutane suke zuwa. Ita kuwa a matsayinta na ƙaramar suruka ita ce kawo ruwa, ita ce shimfiɗa tabarma, ita ce zama cikin mata a ɗaki ɗaya ana ta musabaha ana rungume juna ana kuka, da cikinta wata bakwai ya doshi takwas. Babu wanda ya ga aibun haka, don duk tunaninmu in ma cutar gaskiya ce to tsofaffi take ɗauka.

Mijinta ne ya fara, mura da ciwon jiki, ya ce ba ya jin ƙamshin komai, ya sha magani ya miƙe abinsa. Sai ita. Ta kira ni tace Yaya zazzaɓi nake ji kuma abin mamaki na saka daddawa a miya ban ji ko alamarta ba, turaren wuta ma hayaƙi kawai nake gani. Awo an daina zuwa saboda babu abin hawa, kuma kowa tsoron asibiti yake kar a ce kana da ita a kai ka wajen killacewa a filin wasa na Ƙofar Mata ko Kwanar Dawaki, ana ta yaɗa cewa in an kai mutum ko gawarsa ba a ba dangi. Mai kemis ɗin layinsu ya ce maleriya ce da taifod, ya ba da magani. A gida aka haɗa mata sirace da ganyen darbejiya, ana dafa mata citta da lemun tsami da tafarnuwa. Zazzaɓin ya ɗan sauka har muka yi hamdala.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutun. Haki. Kowace mace da ta taɓa ciki ta san in ciki ya tsufa ana haki, ka ɗan yi shara ka zauna ka huta, ka hau bene ka tsaya. Shi ya sa da ta fara kowa a gidan, har da matan da suka haifi goma, suka ce nauyin ciki ne, ɗan ne ya taso ya danne mata ƙirji, in ya sauka za ta ji daidai. Amma nata ba irin wannan ba ne. Hakin nauyin ciki in ka zauna yana lafawa, nata tana zaune ba ta yi aikin komai ba take yin sa. A waya na fara ganewa, da mu kan yi hira har kati ya ƙare, sai ya zama magana ɗaya sai ta yanka ta gida uku, Yaya... ina... wuni. Tace min sallah a zaune take yi kuma ko Fatiha ba ta iya kaiwa ƙarshen aya sai ta tsaya ta ja iska. Tace bacci ma a jingine take yi da filo, in ta kwanta sai taji kamar za ta shiɗe. Abin da ya tsinka min zuciya shi ne da tace motsin ɗan ya ragu.

A lokacin an fara sassauta kullen ranakun Litinin da Alhamis daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma don mutane su sayi abinci. Na bar yarana wajen maƙwabciya na goya ƙaramin da nake shayarwa na tafi, rabi a ƙafa rabi a adaidaita. Da na ɗaga labule na ganta wallahi ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Tana zaune ta dafa gwiwa, kafaɗunta na hawa suna sauka kamar wadda ta hau Dutsen Dala da gudu, leɓenta ya yi duhu, ga gumi, amma da ta ganni sai ta yi murmushi wai don kar hankalina ya tashi.

Nace asibiti za mu yanzun nan. Hajiya, uwar mijinta, tana cikin takaba ga ciwon rashin miji, ta riƙe hannuna tana kuka tace 'yar nan ki rufa mana asiri, in kuka kai ta cewa za su yi korona ce su ɗauke ta su zo su kulle mana gida. Ban ga laifinta ba har yau, tsoro ne, kowa a tsorace yake. Na durƙusa nace Hajiya ki yafe min, yarinyar nan amana ce a hannuna tun tana zanin goyo, in an kulle gida za a buɗe wataran. Mijin ya tsaya shiru can ya ce Yaya ki ɗauko mayafinta, ya fita neman mota.

Kafin a samu motar wani maƙwabci magariba ta yi, lokacin sassauci ya wuce, titi ba kowa sai shingen jami'an tsaro, amma duk inda suka haska fitila suka ganta sai su ɗaga mana hannu mu wuce. Wahalar a ƙofar asibitoci take. Wani mun tarar da get a rufe maigadi ya ce likita ya daina zuwa. Wani an buɗe mana, nas tana jin tarin ta ja da baya tace dan Allah ku kai ta babban asibiti mu ba mu da oksijin ba mu da kayan kariya. A daren nan na ji haushinsu matuƙa, daga baya da na ji yawan likitoci da nas-nas da suka kamu a Kano a wannan watan sai na gane su ma da rayukansu a hannu suke aiki. Amma duk da haka har yanzu in na tuna mace mai ciki tana neman iska a bayan mota ana nuna mata gaba, zuciyata tafasa take.

Inda aka karɓe mu wani matashin likita ne ya fito da takunkumi da safar hannu, ya maƙala mata wani ɗan abu a yatsa, a ranar na fara ganinsa, lamba ta fito 78. Na ga yanayinsa ya canza. Ya ce Malama mai lafiya daga 95 zuwa sama yake, mai ciki kuwa ba ma so ta sauka ƙasa da 95 ɗin don mutum biyu ne ke shan iskar, tun yaushe take haka? Aka sa mata oksijin, aka ɗauki samfurin hancinta don gwaji, amma ya gaya mana gaskiya sakamako zai ɗau lokaci don a lokacin gwaji a Kano da ƙyar yake, har rufe wajen gwajin an taɓa yi na wasu kwanaki a cikin Afrilu.

Shi ne ya zaunar da ni a baranda ya min bayanin da har in mutu ba zan manta ba. Ya ce in ciki ya girma mahaifa tana tura huhu sama, wajen ajiyar iska ya ragu, alhali jikin mai ciki ya fi na kowa buƙatar oksijin, zuciyarta ma aikin mutum biyu take. Garkuwar jikinta kuma tana sauyawa saboda ɗan da take ɗauke da shi, jininta ya fi saurin daskarewa. Don haka ƙwayar cutar da za ta ba mijinta mura ya warke, ita in ta sauka huhunta ta zama nimoniya ba ta da rarar da za ta jure, kuma abin ya fi tsanani a watanni ukun ƙarshe. Ya ce wani abin tsoron ma, a wannan cutar oksijin yakan yi ƙasa sosai mutum yana zaune yana magana ba a gane ba sai ya yi nisa.

Washegari duk da oksijin lambar ta ƙi hawa yadda ake so, bugun zuciyar ɗan ya fara rikicewa. Suka ce shawararsu a yi aiki a ciro shi, ko shi ya tsira ita ma ƙirjinta ya samu sarari, amma ba su ɓoye mana ba aikin kansa haɗari ne a halin da take ciki, kuma gadon da ke da na'urar taimakon numfashi ba lallai a samu ba. Mijin aka miƙa wa takarda, hannunsa na rawa ya juyo ya ce Yaya me kika gani? Ban taɓa ɗaukar nauyi irin na wannan tambayar ba. Na roƙa aka saka min riga da takunkumi na shiga wajenta na gaya mata komai, don rayuwarta ce, ba na son a yanke a bayan idonta. Ta cire abin oksijin ɗin kaɗan tace a yi, a ciro shi, sannan tace Yaya ke za ki riƙe. Nace ke dai za ki riƙe abinki Auta, ni kaka ce. Ta girgiza kai. Na fito nace masa sa hannu, mu bar wa Allah.

Aka ciro mace, 'yar mitsitsiya, aka wuce da ita kwalba. Auta ta farfaɗo har an gaya mata mace ta haifa, nas tace ta ɗaga yatsa alamar ta ji. Ba ta taɓa ganinta ba, ba ta taɓa ɗaukarta ba. Daga nan aka hana mu shiga, ta taga nake leƙenta ina karanta mata duk abin da ya zo bakina. Cikin dare, lokacin da mutane ke tashi sahur, likitan ya fito ya tsaya nesa da mu ya ce sai haƙuri. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni na yi mata wanka, da safar hannu da takunkumi kamar yadda suka umarce mu, ni da wata gwaggonmu da tace ita ta tsufa ba abin da take tsoro. Yarinyar da bikinta ya cika layi, sahun jana'izarta bai kai a kira shi sahu ba. Bayan an binne ta aka bugo wa mijin waya cewa gwaji ya nuna korona ce, ma'aikatan lafiya suka zo suka ɗauki samfurin mutanen gida suka ce kowa ya killace kansa.

Wani ciwon kuma daga nan ya fara. Dangi suka taru a kan magana ɗaya, duk wanda ya tambaya a ce wajen haihuwa ta rasu, kar a ambaci korona. Na fahimci dalilinsu don na ɗanɗana, a unguwarmu da labari ya fita matan da suka kawo ɗinkin sallah aike suka dinga yi a karɓo musu kayansu ba a ɗinka ba, yarana in sun leƙa waje a janye yara daga kusa da su, 'yan gaisuwa ta waya kawai. Amma ni na kasa faɗar abin da aka ce in faɗa. Ba haihuwa ce ta kashe ta ba, aikin ma lafiya aka gama shi, huhunta ne ya gaza. In na ce haihuwa ce, maƙwabciyata mai ciki da ke tari za ta ci gaba da zama tana sirace. Wasu 'yan uwa sun yi fushi da ni a kan haka har aka daɗe ba ma gaisawa sosai, yanzu dai alhamdulillahi komai ya wuce.

A watan Yuni ministan lafiya na lokacin ya fito ya ce binciken da aka yi ya gano mutum 979 ne suka rasu a wancan mace-macen na Kano, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana ganin korona ce sanadi, yawancinsu tsofaffi. Da na ji sai na dinga tunanin mata irin Auta da suka cika a ɗaki ko a bayan mota, aka ce nauyin ciki, aka ce jijjiga, aka ce haihuwa, babu gwaji babu lissafi. A cikin wannan watan ne kuma aka sanar daga Ingila cewa wani tsohon magani mai araha, dexamethasone, yana rage mutuwar masu korona da ke kan oksijin. Na yi kuka ranar, sati kaɗan ne tsakani. Na san kwananta ne ya ƙare, ban taɓa jayayya da ƙaddara ba, amma zuciya ba ta jin lallashi a irin wannan lokacin.

Na shiga wani hali bayan sallah, ba bacci, ba cin abinci, in na ji wani ya ce korona ƙarya ce 'yan siyasa ne ke cin kuɗi sai jikina ya kama rawa. Ko an ci kuɗi ko ba a ci ba ni dai na ga leɓen ƙanwata. Abin da ya riƙe ni biyu ne. Malamin islamiyyarmu ya kira maigidana ya ce a gaya min hadisi ya tabbata wanda annoba ta kashe shahidi ne, macen da ta rasu a dalilin ciki ma shahida ce, Auta ta haɗa biyu. Ya kuma tuna mana Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya hana shiga garin da annoba ta faɗa ya hana fita daga cikinsa, don haka kiyayewa ba rashin tawakkali ba ne. Na biyu kuma jaririyar. Da aka sallamo ta daga kwalba ba ta fi a riƙe ta a tafin hannu biyu ba, nas ta koya min in ɗaura ta a ƙirjina fata da fata in rufa da zani don ɗumi. Tunda ina da goyo sai na haɗa su na shayar, ita da ɗana suka zama 'yan uwan nono. Ranar suna ba taro ba komai, mahaifinta ya mayar mata da sunan uwarta.

Da allurar rigakafi ta iso Najeriya a watan Maris 2021 ina cikin matan farko da suka je a unguwarmu. Na san mu 'yan Kano muna da dalilin ɗari-ɗari, ba mu manta gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a 1996 ba, kuma ban raina tsoron kowa ba. Ni dai na auna da abin da idona ya gani na zaɓa. Da na sake samun ciki na tambayi likitar awo tace masu ciki ma ana ba su shawarar su yi, ita ce ta gaya min ba korona kaɗai ba, ko lokacin murar aladu ta 2009 masu ciki na cikin waɗanda suka fi shan wuya a duniya, duk wata mura mai tsanani da ke sauka huhu haka take musu. Wato ko an daina zancen korona maganar nan ba ta tsufa ba.

Na sayi irin abin yatsan nan a shagon kayan asibiti, yana cikin durowar kekena, matan layinmu sun sani, in mai ciki na zazzaɓi da tari ana aiko yaro ya karɓa ko in saka hijabi in je da kaina. Ni ba nas ba ce ba na ba kowa magani. Abin da nake yi kawai in zauna kusa da ita in ja ta da hira, in ji ko tana iya kai magana ƙarshe ba ta tsaya jan iska ba, in tambaye ta ko tana iya kwanciya, ko ƙirji na ciwo, ko ɗan na motsi yadda ya saba, in kalli leɓenta. In ɗaya daga ciki bai min ba, ko lambar ta yi kyau, ba na barin gidan sai an nemo adaidaita, kuma maigidan nake samu kai tsaye in ce masa Malam yau za a kai ta ba gobe ba. Akwai waɗanda suke ganin na cika zaƙewa, akwai wadda aka kai aka ce ƙarancin jini ne ya sa ta haki aka yi mata ƙarin jini ta haihu lafiya.

Mijin Auta ya sake aure bayan shekara biyu, ni na ba shi ƙarfin gwiwa ma, matar tana da hankali, duk Juma'a suna zuwa su ɗauki yarinyar ta wuni a Gwammaja wajen Hajiya su dawo min da ita bayan isha'i. Ta shiga makaranta yanzu, lafiyarta ƙalau sai dai in sanyi ya shigo takan yi tari, ni kuma ba na wasa da shi ko kaɗan. Umma take ce min, amma ta san tana da wata Umman da ta rasu, ban ɓoye mata ba, kuma in ta yi hankali zan gaya mata sunan ciwon da yadda aka yi tun daga farko. Dan Allah duk wanda ya karanta ya saka Auta a addu'a, da sauran matan da suka tafi da ciki a wannan shekarar.